Ku Tambaya Mu Amsa: guguwar rana ta fim da ta gaskiya

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan karon kusan duk kan abu guda suka taru, guguwar rana, wasu fim suka kalla wasu kuma vokal aka turo musu a WhatsApp hankalinsu ya tashi. Na haɗa masu kama da juna wuri guda, wanda bai ga tasa ba yayi haƙuri.

Tambaya: Malam barka da aiki, ni mai gyaran portabul ne a kasuwar Dole ta Damagaram. Mun kalli wani fim mai fassara a shago, rana tayi aman wuta ta taso ta cinye duniya, gidaje na narkewa mutane na zama toka, to wani abokina ɗan lise yace wai abin gaskiya ne NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ma ta sani ɓoyewa kawai suke. Akwai wannan abu ko dai ƙaryar masu fim ce?

Amsa: Ƙanena, abokinka rabin gaskiya ya faɗa maka. Guguwar rana akwai ta kam, amma ba wanda ke ɓoye ta, akwai ma ofishi sukutum a garin Boulder na jihar Kolorado a Amurka ƙarƙashin hukumar NOAA mai kula da yanayi, basu da aikin da ya wuce sa ido kan rana suna buga hasashe kullum a intanet kyauta, har maki suke bata daga G1 zuwa G5. Maganar toka da narkewar gidaje ce babu.

Ita rana dunƙulen iska ce mai tsananin zafi, samanta kaɗai ya kai wajen digiri 5,500, kuma jikinta duk maganaɗisu ne. Tsakiyarta, wato daidai ƙugunta, tana gama juyi guda cikin kwana 25, can sama da ƙasa kuma sai sun kai wajen kwana 35, wannan rashin tafiya tare shi ke sa layukan maganaɗisun suyi ta murɗewa suna cukurkuɗewa, inda abin yafi tsanani sai wurin yayi baƙi-baƙi, shine tabon rana, wani tabon yafi duniyarmu faɗi. Ran da murɗewar ta kai maƙura sai ta ɓalle, kuma abu biyu ne ke fitowa waɗanda masu fim ke cakuɗawa su maida su wuta guda. Na farko walƙiya ce, haske mai ƙarfi haɗe da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi dashi a asibiti, tana cinye kilomita miliyan 150 dake tsakaninmu da rana cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu, amma iskar dake can saman duniya ke shanye mugun ɓangarenta kafin ya iso kanmu. Na biyu shine mai aikin, wani makeken gajimare na iska mai ɗauke da lantarki, nauyinsa kan kai tan biliyoyi, shi kuma sai yayi kwana 1 zuwa 3 a hanya, kuma sai in dama mu ya dosa, yawanci wani gefen yake nufa ya wuce abinsa.

To in ya iso me yake yi? Duniya ma tana da nata maganaɗisun da ya kewaye ta, shi gajimaren ke bugowa ya girgiza. Ka tuna fitilar keken da, mai dinamo dake gogar taya, ai maganaɗisu ne ke motsi kusa da waya sai wuta ta samu, to daidai wannan ne ke faruwa sai dai nan maganaɗisun na duniya ne gaba ɗaya, wayar kuma duk wani dogon ƙarfe da mutum ya shimfiɗa ɗaruruwan kilomita, layin kuran, bututun mai, layin dogo. Jikin mutum ba doguwar waya bace, shi yasa kana zaune a shago guguwa mai makin G5 zata zo ta wuce baka ma sani ba. Ta ma zo, ran 10 da 11 ga Mayu 2024, mafi ƙarfi tun 2003, ka tambayi kanka ko kaji wani abu a jikinka ranar.

Babbar da kowa ke kafa misali da ita ta 1859 ce. Ran 1 ga Satumba wani Bature ɗan Ingila mai suna Richard Carrington yana zana tabon rana da madubin hangen nesa sai yaga wani farin haske ya tashi a wurin na 'yan mintuna, ba'a cika awa 18 ba gajimaren ya iso, wanda gudu ne na fitar hankali. Sama tayi ja da kore har a Kuba da Hawai inda basu saba ganin haka ba, masu haƙar zinariya a duwatsun Amurka suka tashi tsakar dare suka hau haɗa karin kumallo sun zaci gari ya waye. A lokacin doguwar wayar da duniya ke da ita ta tangaraho ce kawai, kuma ita ce ta sha wahala, tartsatsi na fita daga na'urori, wuta na jan ma'aikata, tsakanin garuruwan Boston da Portland na Amurka ma sai da suka cire batiri gaba ɗaya suka ci gaba da aika saƙo wajen awa biyu da wutar da guguwar ta zuba a layin. Ba garin da ya ƙone.

Akwai ma wadda ta fi ta nesa ba kusa ba. A 2012 wata mai bincike 'yar Japan, Fusa Miyake, ta gano alama a cikin zoben tsofaffin itatuwa dake nuna wani gagarumin abu ya bugi duniya wajen shekarar 774 zuwa 775, zamanin halifa Mansur a Bagadaza kenan, kuma yawancin masana sun tafi a kan daga rana ya fito. Mutanen lokacin sun ci gaba da nomansu da fataucinsu, itace ne kawai ya riƙe labarin. Da irinta zata zo yau ɓarnar zata yi muni ƙwarai, amma a kan transfo da taurarin ɗan adam. Ni a ganina masu fim sun san wannan sarai, kawai dai ba mai biyan kuɗi ya zauna awa biyu yana kallon transfo na ɗaukar zafi a hankali.

Inda kawai abin ke taɓa jiki shine ga wanda ya fita daga kariyar iskar duniya. Ta watan Agusta 1972 ta faɗo ne tsakanin tafiyar kumbon Apollo 16 da Apollo 17 zuwa duniyar wata, da akwai mutum a can lokacin da ya sha wuya sosai. Jiragen sama masu bi ta ƙuryar arewa ma akan canza musu hanya in abin yayi ƙarfi.

Tambaya: Ɗana, ni tsohuwa ce a Birni. Jikata ta kunna min wani vokal wai daren yau daga sha biyu da rabi zuwa uku da rabi a kashe waya a nisantar da ita daga jiki saboda wani mugun haske zai ratsa kusa da duniya, wai BBC ce ta faɗa. Na kashe tawa na sa a cikin kwalla. Nayi daidai?

Amsa: Hajiya ranki ya daɗe, ki ciro wayarki daga kwalla, kar 'ya'yanki su kira cikin dare su kasa samunki hankalinsu ya tashi a banza. Wannan saƙon ya shekara da shekaru yana yawo, kullum "daren yau" yake cewa ba kwanan wata, kuma ba BBC ba NASA ba wanda ya taɓa fitar dashi. Waya bata jawo komai daga sama. Abin da zan roƙe ki dai kar a riƙa sa ta sharji a ƙarƙashin matashi ko cikin tsumma, musamman da irin sharjan nan masu arha, batirin kan ɗau zafi ya kumbura.

Tambaya: Malam ina da garka a Mirriya, na tara kuɗi na sayi panno da pompo ina ban ruwa. An ce guguwar rana na ƙone duk wani abu mai lantarki, tunda panno rana yake kallo ai shi zai fara tafiya ko? Kuma wannan ɗaukewar kuran da muke fama da ita ko ita ce?

Amsa: Alhaji kwantar da hankalinka, pannonka da 'yar wayar mita goma ko ashirin da ta haɗa shi da pompo sun yi gajarta da yawa, ba abin da guguwar zata tara a cikinsu. Ƙura da zafi da tsawar damina su ne abokan gabarka, ka riƙa goge shi da sassafe kafin yayi zafi, kuma ka sa mai aikin ya kafa maka ƙarfen da ke kai tsawa ƙasa.

Maganar nan ta cewa mota zata mutu a titi waya ta mutu a aljihu lokaci guda, daga wani abu daban aka aro ta. A watan Yuli 1962 Amurka ta fasa bam na nukiliya a sama, kilomita 400 daga ƙasa a kan tekun Fasifik, bugun lantarkin da ya fito ya kashe fitilun titi wajen 300 a Hawai mai nisan kilomita kusan 1,400. Shi wannan bugun cikin ƙiftawar ido yake zuwa shi yasa yake iya lalata ƙananan kaya. Na rana kuwa a hankali yake hawa yana sauka, daƙiƙu zuwa mintuna, sai dogon layi yake kamawa, ya bi ya shiga manyan transfo ya sa su zafi su rikice. Haka akayi a Kebek ta Kanada ran 13 ga Maris 1989, cikin minti ɗaya da rabi layukan lardin suka faɗi, mutum miliyan 6 suka zauna ba kuran awa 9 ga sanyi. Ka lura kuma da inda abin ya faru, can arewa ne kusa da ƙuryar duniya inda girgizar maganaɗisun tafi ƙarfi, ga layuka masu tsawon gaske, ga ƙasar dutse ce da bata shanye wuta. Mu nan muna kusa da tsakiyar duniya, haɗarin yafi sauƙi sosai. Ban ce babu ba fa, don a guguwar Oktoba 2003 Afirka ta Kudu tayi asarar manyan transfo duk da ba'a ƙuryar take ba, kuma mu ma dogon layi ne ke kawo wuta yankinmu daga Katsina ta Gazawa. Amma ɗaukewar kuran ta yau da gobe, wadda ke tsananta duk bazara in kowa ya kunna vantilate da firigo, kar mu ɗora wa rana laifin da ba nata ba.

Masu kula da manyan layuka suna samun gargaɗi. Ana ganin fitowar gajimaren daga rana kwana guda ko biyu kafin ya iso, sai dai ba'a sanin muninsa sai ya wuce ta kan taurarin ɗan adam da aka ajiye kilomita miliyan 1.5 daga nan, su ke auna inda maganaɗisunsa ya fuskanta, in kudu ya kalla shine yake shiga namu sosai, in arewa ne yawanci sai ya goga ya wuce, daga nan kuma abin da ya rage minti 15 zuwa awa guda ne. A watan Yuli 2012 wata guguwa mai girman ta 1859 ta ratsa hanyar da duniya ke bi, da ta fito kamar sati guda kafin nan da mu ta samu.

Tambaya: Gaisuwa mai yawa daga Tanut. Ni dattijo ne, rediyo ce abokiyar hirata tun ina saurayi. Wani lokaci ina jin labaran rana a gajeren zango sai murya ta ɗauke ɗif, tasha duk shiru sai shuuu, can bayan wani lokaci ta dawo da kanta. Yarana sunce rediyon ce ta tsufa.

Amsa: Baba Allah ya ƙara lafiya, kai ne ka kawo tambayar da tafi shafarmu mu mutanen nan, kuma in ɗaukewar ta kama tashoshin gajeren zango duka a tare da rana tsaka alhali FM na aiki, to kace wa yaran su bar rediyonka, mai yiwuwa ne ƙwarai guguwar rana ka ji da kunnenka. Muryar BBC ko RFI ko DW dake zuwa maka daga nesa ba miƙewa take ba, sama take hawa ta bugi wani rufi na iska mai lantarki dake can ɗaruruwan kilomita ta dawo ƙasa. In walƙiyar rana ta tashi sai ƙasan wannan rufin, wajen kilomita 60 zuwa 90, yayi kauri ya shanye muryar kafin ta kai inda zata juyo, minti kaɗan ko awa guda ko fiye, kuma gefen duniyar dake cikin rana kawai abin ke samu. FM daga eriyar gari take zuwa kai tsaye shi yasa ba ruwanta.

Wannan abin ya kusa jawo bala'i sau ɗaya. Ran 23 ga Mayu 1967 na'urorin Amurka masu hangen makamai masu linzami a can arewa suka toshe lokaci guda, sojoji suka ɗauka Tarayyar Sobiyet ce ta toshe su don ta kawo hari, aka fara shirin tada jirage, sai masu duba yanayin rana na rundunar suka ce a dakata rana ce. A Agusta 1972 kuma nakiyoyin ruwa da Amurka ta dasa a gaɓar Biyetnam, masu tashi in sun ji maganaɗisun jirgi, suka dinga fashewa da kansu ba jirgi ba komai. In masu fim labari suke nema ga shi nan na gaske, ban san me yasa suka fi son toka ba.

Sannan akwai wani abu namu na yankin nan. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta Najeriya ya ratsa, kudu damu ba nisa, kuma a ƙasashen dake kusa da wannan layin rufin da nake faɗa yakan yi rami-rami bayan faɗuwar rana, abin yafi yawa a shekarun da rana ke tashe, sai siginar taurarin ɗan adam ta riƙa rawa. GPS shi yafi jin jiki, ya nuna ka a inda baka ko ya ɓace na ɗan lokaci. A guguwar Mayu 2024 manoman Amurka da taraktocinsu ke bin GPS sai da suka tsaida shuka. Don haka direbobinmu masu shiga Tenere ta Agadas zuwa Dirku, GPS abu ne mai kyau amma kar ya sa a raina ɗan jagora wanda ya san hanya, ko a rage ruwan guzuri.

Masu Canal kuma da hoto ke ɗauke musu 'yan mintuna da rana a watan Maris da wajen ƙarshen Satumba, wannan ba guguwa bace, rana ce ke tsayawa daidai bayan tauraron da kwanon ke kallo ta rufe siginar, kwana kaɗan ne ya wuce, kar a kira mai gyara.

Tambaya: Malam ni ɗaliba ce a jami'ar André Salifou. Na gani a TikTok wai guguwar rana zata kashe intanet na duniya watanni. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yata, wannan tana da tushe amma an ƙara mata gishiri. A 2021 wata malamar jami'ar Kaliforniya, Sangeetha Abdu Jyothi, ta fitar da bincike kan wayoyin intanet dake ƙarƙashin teku. Zaren gilashin dake ɗauke da saƙon ba ruwansa da maganaɗisu, amma duk bayan 'yan gomman kilomita akwai na'urar dake ƙara wa hasken ƙarfi, ita kuma da wayar ƙarfe ake kai mata wuta tun daga gaɓa, to nan ne ta ce guguwa irin ta 1859 zata iya shiga, musamman layukan arewa tsakanin Amurka da Turai. Gargaɗi ne a shirya, bata sa rana ba, kuma ba wanda ya isa ya sa, don ba'a iya hasashen babbar guguwa wata guda kafin ta zo balle shekara. Taurarin ɗan adam kam suna shan kashi, a Fabrairu 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, wata 'yar ƙaramar guguwa ta ɗumama iskar sama ta kumbura ta riƙe su, 38 suka faɗo suka ƙone. Ki tuna kuma ran 14 ga Maris 2024 da rezo ya lalace a ƙasashen yammacin Afirka da dama, wayoyi huɗu ne suka katse a ƙarƙashin teku wajen gaɓar Kodebuwa, rana bata da hannu ko kaɗan.

Tambaya: Daga Garin Malam. Munji ance maganaɗisun rana ya juye, arewa ta koma kudu. Wannan ba shine fitowar rana daga yamma ba?

Amsa: Malam Allah ya gafarta, maganar alamomin tashin ƙiyama taku ce ku malamai, ni ba zan sa baki ba. Abin da na sani shine maganaɗisun rana yana juyewa kusan duk shekara 11, lokacin da tabo yafi yawa, ya juye a zamanin kakanninmu ya juye a namu sau da yawa. Zagayen da muke ciki, na 25 a lissafin masana, ya fara Disamba 2019, kuma a Oktoba 2024 NASA da NOAA suka sanar ya kai ganiyarsa. Fitowar rana daga gabas kuwa juyawar duniya ce ke kawo ta, juyewar maganaɗisun rana bata taɓa wannan.

Tambaya: Malam zafin da akeyi shekarun nan a Damagaram yayi yawa wallahi, ko guguwar ranar ce?

Amsa: A'a ɗan'uwa. Tsakanin shekarar da rana tafi tashe da wadda tafi kwanciya, bambancin hasken da take aiko mana wajen kashi 1 cikin 1,000 ne kacal. Zafin bazararmu dalilinsa a fili yake, wajen ƙarshen Afrilu rana ke bi ta tsakar kanmu daidai, ƙasa ta bushe ƙayau ba gajimare ba ciyawa, ga duwatsun garin nan suna riƙe zafi har dare, sannan ga ɗumamar duniya da hayaƙin mai da gawayi ke jawowa ta ƙaru a kai. Ka duba 2024, mugun zafin da akayi cikin azumi har garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5 ran 3 ga Afrilu, ita kuwa babbar guguwar sai 10 ga Mayu ta zo, sama da wata guda bayan nan. A kula da tsofaffi da jarirai dai tsakanin azahar da la'asar, a basu ruwa ko basu nema ba.